Zuwa Karnabal na Riyo a ƙasar Burazil: tambayoyin da ya kamata ka yi kafin ka yanki tikiti

Yaushe ake yin bikin, kuma me ya sa ranarsa ke canzawa?

Karnabal bikin kiɗa da rawa ne na shekara-shekara, ranarsa kuwa ta dogara ne da ranar Ista. Talatar Karnabal takan faɗo kwana 47 kafin Lahadin Ista, washegari kuma Larabar Toka, ranar da Katolika ke shiga azuminsu na kwana arba'in. A 2025 Talatar ta kama 4 ga Maris, a 2026 ta kama 17 ga Fabrairu, a 2027 za ta kama 9 ga Fabrairu, a 2028 kuma 29 ga Fabrairu. Ana buɗewa ne ranar Juma'ar da ke gabanta, inda magajin garin Riyo de Janairo ke miƙa mabuɗin birnin ga wani da ake kira Sarki Momo, sarkin wasa na kwana biyar.

Musulmi ya duba kalandarsa tun da wuri. A 'yan shekarun nan bikin yana gugar Ramadan: a 2025 an yi shi a kwanakin farko na azumi, kuma bisa lissafi azumin 2027 zai kama ne wajen 8 ga Fabrairu, tsakiyar faretin ke nan. A 2028 bikin zai faɗo daf da ƙaramar sallah.

Wai fareti ɗaya ne ake yi a titi kowa ya fito kallo?

A'a, kuma a nan baƙi suka fi yin kuskure. Abubuwa uku ne daban ke gudana a mako guda. Akwai gasar makarantun samba, wato wani salon kiɗa da rawa na Burazil, a filin Sambadiromo, wadda sai da tikiti. Akwai jerin gwanon titi da ake kira bloco, kyauta, ɗaruruwa a faɗin birnin. Akwai kuma dinar rawa ta cikin otal da kulob, wadda suke kira baile. Hotunan motocin ado masu tsawon bene da kake gani a talabijin duk daga Sambadiromo suke. Wanda ya sauka a unguwar Kofakabana ta bakin teku yana jiran su wuce ta ƙofar otal ɗinsa zai jira har bikin ya watse.

Mece ce makarantar samba?

Ba makarantar aji da allo ba ce. Ƙungiyar unguwa ce mai tutarta, da launukanta, da makaɗanta, da dattawanta. Mangueira ta kore da ruwan hoda ce, Portela ta unguwar Madureira shuɗi da fari, Salgueiro ja da fari, Beija-Flor kuma daga Nilópolis take, ita ta ci gasar 2025. Gasar farko an yi ta a 1932 a dandalin Praça Onze, Mangueira ta ɗauka. Filin da ake yi yanzu a titin Marquês de Sapucaí, Oscar Niemeyer ya zana shi, an buɗe a 1984, tsawonsa kimanin mita 700.

Kowace makaranta tana zaɓar labari guda na shekara, ta yi masa waƙa, ta gina motoci, ta ɗinka wa mutum kusan dubu uku kaya. Alƙalai na ba da maki a fanni tara, ciki har da kiɗa, waƙa, tufafi, motocin ado, tafiyar sahu ba tare da giɓi ba, da rawar mai riƙe tuta da abokin rawarta. Ana ƙidaya makin ranar Larabar Toka, kuma sau da yawa ɗigo ɗaya bisa goma ne ke raba ta ɗaya da ta biyu. Ta ƙarshe takan faɗa rukuni na ƙasa.

Ka lura da rukunin dattijai mata masu faffaɗan siket suna juyi, waɗanda ake kira baianas. Dole ne kowace makaranta ta fito da su, don tunawa da matan jihar Bahiya da suka kawo kiɗan Riyo. Bahiya ɗin nan ce aka kai bayi Hausawa da Yarbawa masu yawa, inda Musulminsu suka yi boren Malê a birnin Salbado a 1835.

Wane dare ya fi dacewa a je?

Daren Juma'a da Asabar na rukuni na biyu ne, Série Ouro. Tikitinsa ya fi araha nesa ba kusa ba, kuma wanda bai taɓa gani ba ba zai ji an rage masa komai ba. Manyan makarantu goma sha biyu na Grupo Especial suna fita Lahadi, Litinin da Talata, huɗu a kowane dare. Wannan tsari daga 2025 ya fara, kafin nan dare biyu ne, shida shida, don haka kar ka dogara da tsohon jadawali. Ana farawa wajen ƙarfe goma na dare, kowace makaranta tana da minti 70 zuwa 80 ta ƙetare filin, akan tashi da asuba.

Akwai dare na shida da masana ke ajiye wa kansu: Asabar ɗin da ke bin bikin, makarantu shida da suka zo kan gaba suna sake fita. Babu alƙalai, babu fargaba, kuɗin otal ya sauka, kuma waɗanda suka fi kyau kaɗai za ka gani. Mai ƙaramin aljihu da ke son ganin manyan, wannan ne darensa. Illarsa ɗaya, yawancin jerin gwanon titi sun riga sun wuce.

Wane sashe zan zauna? Lambobin nan sun rikita ni.

Nan ne kuɗinka ke tsira ko ya salwanta. Filin kamar titi ne miƙaƙƙe da benaye hagu da dama, an raba shi sashe 1 zuwa 13. Masu lambar mara (3, 5, 7, 9, 11) suna gefe ɗaya, masu cika (2, 4, 6, 8, 10) suna fuskantar su. Fareti yana shigowa ta wajen sashe na 1, ya fita ta wajen 12 da 13.

Tsakiya ta fi, wato 6 zuwa 9, domin a nan makaranta ta miƙe sosai, gabanta da bayanta duk suna idonka. Tsakanin 9 da 11 akwai lungun da makaɗan ganga, mutum ɗari biyu zuwa uku, ke shiga su tsaya suna kiɗa har sauran su wuce, don haka mai son jin ganga a ƙirjinsa ya nemi 9, 10 ko 11. Sashe na 12 da 13 sun ja baya daga hanyar, kuma lokacin da masu rawa suka iso nan sun gaji, wasu sun fara cire hulunan kansu. Arha ce, amma arha ba ta ado.

Wurin zama akasari iri uku ne. Arquibancada matakalar siminti ce, babu lamba, babu rufi, wanda ya riga zuwa ya zaɓa, in ban da sashe na 9 da aka ware wa baƙi, mai wurin zama da lamba kuma mafi tsada a cikin matakalun. Frisa ɗan akwati ne a ƙasa daf da hanya, kujera shida, layi A zuwa D. A layin A kana iya ganin zufar masu rawa, amma ba ka ganin tsarin faretin gaba ɗaya kamar na sama. Camarote kuwa ɗakin shagali ne mai abinci da giya da nasa mawaƙan, inda da yawa ba sa ma leƙa faretin. Ga wanda kallo ya kai shi, matakalar tsakiya ta fi camarote daraja.

A ina ake sayen tikiti?

Ƙungiyar LIESA ce ke shirya faretin manyan makarantu, kuma a 'yan shekarun nan ta Ticketmaster na Burazil take sayarwa, watanni kafin bikin. Kamfanonin yawon buɗe ido ma suna sayarwa da ƙarin riba, wani lokaci haɗe da motar kai da kawowa. Kar ka saya hannun 'yan kan titi a bakin ƙofa: tikitin waya ana iya sayar wa mutum biyar hotonsa, na farko ne kawai zai shiga.

Yaya ake zuwa filin, me ake ɗauka?

Jirgin ƙarƙashin ƙasa, wanda ke aiki dare da rana a kwanakin bikin. Lambar sashenka ce ke gaya maka tashar sauka: masu cika su sauka Praça Onze, masu mara su sauka Central. Babu hanyar tsallaka filin ta ciki, wanda ya yi kuskuren tasha zai yi doguwar zagaye a ƙafa cikin cunkoso da duhu. Tasi yakan maƙale saboda an rufe tituna.

Mai matakala marar lamba ya isa awa biyu ko uku kafin a fara. Ka ɗauki ɗan matashin zama, domin awa shida kan siminti ba wasa ba ne, da rigar ruwa ta leda. Fabrairu bazara ce a can, zafi kan haura digiri 35, ruwa kuma kan sauko ba sallama, kuma ba a dakatar da fareti don ruwa. Lema tana tare wa na baya, za ka sha magana. Ana barin ɗan abinci da robar ruwa, ba a barin kwalba.

Baƙo zai iya shiga faretin da kansa?

Zai iya. Makarantu suna sayar da kayan wasu rukunansu, kayan nan su ne tikitinka na shiga hanya, amma ba su ba ka wurin zama bayan ka fito. Kana taruwa da rukuninka a titin Presidente Vargas awa biyu kafin lokacinku. Sai ka haddace waƙar ko aƙalla amshinta, domin bakin da ba ya motsi da mai tsayawa ɗaukar hoto duk suna jawo wa makaranta asarar maki, kuma aikin shekara guda ne na mutanen unguwa.

Jerin gwanon titi fa?

Mota ɗauke da makaɗa, jama'a na binta. Mafi tsufa da girma shi ne Cordão da Bola Preta, wanda aka kafa a 1918, yana fita safiyar Asabar a tsakiyar gari, kowa da fararen kaya masu ɗigon baƙi. Banda de Ipanema tun 1965 take fita. Na unguwar Santa Teresa ƙanana ne, a tituna masu hawa da gangara. Da yawa suna farawa ƙarfe bakwai ko takwas na safe, kuma awannin farko sun fi tsabta da natsuwa. Riotur, hukumar yawon buɗe ido ta birnin, ita ke fitar da jadawali.

Gaskiyar magana, a nan ake shan giya sosai, tufafi kaɗan ne, ana sumbatar juna a fili. Wanda wannan zai dame shi, ko mai tafe da iyali, ya tsaya ga Sambadiromo, ko da yake can ma wasu masu rawar kusan tsirara suke.

Dinar rawar dare sai wane da wane?

Mafi shahara ita ce Baile do Copa a otal ɗin Copacabana Palace, daren Asabar. Sai da tikiti mai tsadar gaske, sai kuma da shigar da aka gindaya: namiji baƙar kwat ta dina da ɗan maƙalallen wuya, mace doguwar rigar dina, ko kayan ado na alfarma. Mai son zuwa da babbar riga da hula ya rubuta wa otal ya tambaya kafin ya biya. Tikitin tsayuwa daban, na teburi daban. Ka lura dare ɗaya ne da faretin Série Ouro na biyu, ba a haɗa su. Sauran dinar kulob-kulob sun fi sauƙin kuɗi da shiga, amma sai bayan sha biyun dare suke ɗaukar zafi.

Masauki da tafiya daga nan?

Mai fasfon Najeriya yana bukatar biza, ta ofishin jakadancin Burazil a Abuja ko ƙaramin ofishinsu a Legas, kuma ya riƙe katin rigakafin shawara. Yawanci ana sauka Sawo Fawulo, misali ta Adis Ababa, sannan a hau jirgin awa ɗaya zuwa Riyo. Mai bi ta Turai ya bincika ko yana bukatar bizar wucewa. Agogon Riyo yana bayan na Kano da awa huɗu.

Otal-otal kan sayar da kwanakin bikin a dunƙule, kwana huɗu ko biyar, kuma na kirki kan ƙare wata shida kafin lokaci. Ka nemi unguwa kusa da tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa: Botafogo, Flamengo, Kofakabana, Ifanema. Lapa kusa take da filin amma ba a barci. Akwai masallaci a unguwar Tijuca. Wajen abinci ka koyi kalmar porco, alade ke nan. Feijoada, waken da ake yi a kowace makarantar samba, da naman alade ake dafa shi.

Me ya fi lalata wa baƙi tafiya?

Waya. A cikin cunkoso ake zare ta, ko a fizge daga hannun mai ɗaukar hoto. Ka sa ta a jakar ɗamara ƙarƙashin riga, ka bar fasfo a otal ka fita da kwafinsa, ka cire sarƙa da agogo. Na biyu katin banki: mai talla ya miƙo na'urar da allonta ya fashe ya buga adadin da ya ninka, ko ya musanya maka katin da wani mai kama da shi. Kar katin ya bar hannunka, ko ka riƙe ƙananan takardun real, kuɗin Burazil, don ruwa da abinci. Fitsari a titi akwai tara, ga kuma layin banɗakin tafi-da-gidanka mai tsawo, sai ka rage tun kana kusa da shi. Lambar 'yan sanda 190, ta motar asibiti 192, ofishin 'yan sandan baƙi kuma yana unguwar Leblon.