SharePoint: Gudanarwa, Gyare-gyare da Matsalolin da Aka Fi Samu

SharePoint manhaja ce ta kamfanin Microsoft da ma'aikatu, makarantu da kamfanoni ke amfani da ita wajen ajiye takardu wuri guda, yin aiki tare a kan fayil ɗaya, da gina shafukan cikin gida da ma'aikata kaɗai ke shiga. Ta fara fitowa a shekarar 2001, aka yi ta sabunta ta a 2003, 2007, 2010, 2013, 2016 da 2019, sai kuma Subscription Edition a 2021. Iri biyu ce. Akwai SharePoint Server, wadda ma'aikata ke ɗorawa a kan sabarta, wato babbar kwamfutar da ke riƙe bayanan ofis, tana dogara da Windows Server da SQL Server, manhajar rumbun bayanai. Akwai kuma SharePoint Online da ke cikin Microsoft 365, wadda sabobinta ke hannun Microsoft, ana shigarta ta intanet. Fayilolin da ake sakawa a tashoshin Teams, manhajar hira da taro ta Microsoft, su ma a SharePoint suke kwana, don haka ofisoshi da yawa na amfani da ita ba tare da sun san sunanta ba.

Sabar a ofis ko ta intanet

A Katsina da Daura, wannan zaɓi ya rataya ne a kan wuta da intanet. Sabar ofis na buƙatar wutar da ba ta yankewa, domin ɗaukewar wuta farat ɗaya na iya lalata rumbun bayanan SQL Server, inda dukkan takardun suke. Ga zafin bazara da kan haura digiri 40, ga ƙurar hunturu da ke toshe fankokin na'ura. Ofishin da ba shi da inbata ko sola da ɗaki mai sanyi, gara ya koma ta intanet, ya kashe kuɗin a kan layi mai ƙarfi da wani na ko-ta-kwana daga kamfani daban. Mai riƙe da tsohuwar sabar kuma ya duba kalanda: Microsoft ta daina tallafa wa ta 2013 a watan Afrilun 2023, ta kuma tsayar da 14 ga Yuli, 2026 ga ta 2016 da ta 2019. Ko wanne aka zaɓa, Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗora wa ma'aikatar alhakin tsare bayanan mutanen da take riƙe da su.

Izini

Galibin koke-koken da ke zuwa teburin mai kula da SharePoint a kan izini suke da tushe. Kowane sabon shafi na zuwa da rukuni uku: masu shafi, waɗanda ke da cikakken iko, mambobi, masu gyarawa, da baƙi, masu karatu kawai. Izini na gangarowa ne daga sama. Abin da aka ba mutum a kan shafi yana bin sa zuwa ma'ajiyar takardu, zuwa folda, har kan fayil, sai dai in an yanke wannan gadon a wani mataki.

Yankewar ce ke haifar da rikici. A ce wata ma'aikata na da hedikwata a Katsina da rassa a Daura da Funtuwa. Darakta ya ce a buɗe wa akawun Daura folda guda, aka yi. Gobe aka tura wa wani mai bincike fayil ɗaya ta mahaɗin rabawa, wanda shi ma yana ƙirƙiro izini na musamman a kan fayil ɗin. Kafin shekara ta zagayo, babu mai iya faɗin wa ke ganin me. Rannan sai a ga takardar albashi a hannun wanda bai kamata ba, ko shugaban sashe ya ci karo da saƙon hana shiga a kan fayil ɗin da shi ya rubuta.

Maganin ba shi da armashi, amma yana aiki: a ba rukuni izini, kada a ba mutum. A kafa rukunin sashen kuɗi, na rajista, na reshen Daura, a zuba mutane ciki. Idan an yi wa ma'aikaci canjin wurin aiki, cire shi daga rukuni ɗaya ya wadatar. Hakan ya fi muhimmanci a wuraren da ke ɗaukar masu yi wa ƙasa hidima, domin su shekara guda suke yi su tafi, asusunsu kuma kan zauna a buɗe in ba wanda aka ɗora wa rufe shi. Takardun sirri kuwa a ware musu ma'ajiya ko shafi nasu, kamar yadda rajistar sirri ke da ɗakinta da makullinta daban da buɗaɗɗiyar rajista. Ɓoye su a wata folda cikin ma'ajiyar kowa da kowa ganganci ne.

Abubuwa biyu kan kuɓuce wa sabon mai kula. Na farko, matakin Edit da ake ba mambobi tun asali yana ba su damar share jeri ko ma'ajiya sukutum, alhali Contribute ya tsaya a kan sakawa, gyarawa da share abin da ke ciki. Ga yawancin ma'aikata na biyun ya isa. Na biyu, akwai maɓallin Check Permissions a shafin izini, wanda ke nuna abin da mutum ke da shi da kuma ta inda ya samo shi. Da shi ya kamata a fara duk binciken hana shiga. Kuma kada a bar shafi da mai shi guda ɗaya. In ya yi ritaya ko ya tafi aikin Hajji, aiki ya tsaya.

Iyakar 5,000

Jeri ɗaya, wato teburin bayanai mai layuka da ginshiƙai, na iya ɗaukar abubuwa har miliyan 30, amma da zarar ya wuce 5,000 sai tacewa da jerantawa su fara ƙi. Dalilin daga SQL Server yake: idan tambaya ɗaya ta taɓa layuka da yawa haka, yakan kulle teburin duka, sauran masu aiki su tsaya jira. A sabar ofis ana iya ɗaga iyakar, ko da yake hakan jinkiri yake jawowa. A ta intanet ba a iya taɓa ta. Hanyar ita ce a sa fihirisa a kan ginshiƙan da ake yawan tacewa da su, kamar shekara ko ƙaramar hukuma, tun kafin jerin ya cika. Jerin da ya tattara bayanan ƙananan hukumomi 34 na jihar Katsina zai buɗe cikin sauri in kowa na ganin na ƙaramar hukumarsa kawai.

Takardar da ta ɓata

Abin da aka share a SharePoint Online yana zama a kwandon shara kwana 93, a haɗe da kwando na biyu da mai kula ke gani; a sabar ofis kwana 30 ne in ba a canza ba. Takardar da aka gyara aka ɓata kuwa, tarihin sigoginta na nan, ana iya dawo da sigar jiya. Inda aka fi yin asara shi ne daidaitawar OneDrive, manhajar da ke haɗa foldar kwamfuta da ta shafin ofis, duk abin da aka yi wa ɗaya ya shafi ɗayar. Ma'aikaci ya ga kwamfutarsa ta cika, ya share foldar da aka daidaita, bai san sharewar ta bi shi har shafin ofis ba. Daidaitawar kan kuma maƙale idan adireshin fayil, tare da sunayen foldodinsa, ya haura haruffa 400, ko sunan na ɗauke da alama kamar ? ko * ko :. Sannan tana cin data sosai a ranar farko.

Agogo, kalanda da haruffa

Sabon shafi a SharePoint Online kan zo da agogon yammacin Amurka, wanda ke bayan namu da awa takwas ko tara, don haka takardar da aka saka da safe za ta iya nuna cewa jiya aka saka ta. A gyara shi a saitin yanki zuwa UTC+01:00, a zaɓi tsarin da ke fara rubuta rana kafin wata, don kada 3/4 ya koma 4 ga Maris. A wurin ne kuma ake iya ƙara kalandar Hijiriyya. Wani abin lura: kwamfuta na ɗaukar ƙ da k a matsayin haruffa biyu daban, haka ɗ da d. Ofis ya tsayar da salo ɗaya na rubuta sunayen fayil, in ba haka ba bincike zai riƙa tsallake rabin takardun.

Gyare-gyaren fasali

Sa tambarin ma'aikata, launinta da ginshiƙan da suka dace da aikinta ba shi da haɗari. Haɗarin yana ga gyaran da ya shiga cikin jikin manhajar. SharePoint Designer da InfoPath, waɗanda da su aka gina fom da hanyoyin amincewa masu yawa, sun tsaya a fitowar 2013. Magadansu su ne Power Apps, Power Automate da SharePoint Framework na 2017. Duk hanyar amincewar da aka gina da asusun ma'aikaci ɗaya kan mutu ranar da aka rufe asusun, shi ya sa ake haɗa ta da asusun ofis, a kuma rubuta abin da aka gina da dalilinsa.

Bin sawun kuskure da faci

Saƙon kuskure a SharePoint na zuwa da doguwar lamba mai suna Correlation ID. A sabar ofis, neman lambar a cikin rajistan ULS, inda SharePoint ke rubuta abin da ya faru a sabar, na kai mai kula kan layin da abin ya lalace; a ta intanet, ita ake miƙa wa masu tallafin Microsoft. A koya wa ma'aikata su ɗauki hoton allon su turo, ba su ce "ya ƙi buɗewa" kawai ba.

Faci kuwa, wato gyaran da Microsoft ke fitarwa don toshe ɓaraka a manhajar, ba a jinkirta shi. A watan Yulin 2025 maharan intanet sun yi amfani da wata ɓaraka da aka yi wa laƙabi da ToolShell suka kutsa sabobin SharePoint a ƙasashe da dama. Ta intanet ba ta shafu ba. Microsoft ta fitar da faci, ta kuma ce a canza makullan na'ura, wato lambobin sirrin sabar, a sake tada IIS, manhajar da ke buɗe shafukan sabar, domin wanda ya riga ya sace makullan zai iya dawowa ko bayan facin. Bayan ɗora kowane faci a sabar ofis sai an gudanar da manhajar saiti mai suna Products Configuration Wizard a kan kowace saba kafin aikin ya kammala.