Murgu da Fansar Bayi a Daular Sakkwato

Murgu kuɗi ne da bawa yake biyan ubangijinsa domin a bar shi ya yi sana'ar kansa. Fansa kuwa ita ce biyan kuɗin 'yancin bawan gaba ɗaya. An yi amfani da hanyoyin biyu a Daular Sakkwato tun bayan jihadin 1804 har zuwa farkon mulkin Turawa. Masana sun yi ƙiyasin cewa wajen 1900 bayin daular sun kai tsakanin miliyan ɗaya da miliyan biyu da rabi.

Yadda ake yi

Bayin rinji, wato ƙauyen bayi manoma, suna noma gandun ubangiji daga hantsi zuwa azahar, sannan kowa ya koma gayaunarsa, wato 'yar gonarsa ta kansa. Wanda ya iya saƙa, rini, dako ko fatauci yakan nemi a yanka masa murgu. Sai a tsayar da adadin kuɗin wuri da lokacin biya, galibi mako-mako, abin da ya ragu a hannunsa nasa ne. Daga wannan rarar yake tara kuɗin fansa, ya biya kashi-kashi a gaban shaidu ko alƙali.

Wurin da abin yake lalacewa sananne ne. Murgu ba ya rage bashin fansa, don haka bawa yana iya shekara da shekaru yana biya bai matsa ko taku ɗaya ba. Ciwo ko fari kan karya masa jari, kuma in ya mutu kafin ya gama, dukiyarsa ta koma hannun ubangiji. 'Ya'yan baiwa kuwa cucanawa ne, wato waɗanda aka haifa cikin bauta, fansar uba ba ta shafe su.

Mai 'yancin da aka kama a hari danginsa ne suke biyan fansarsa. Ƙwarƙwarar da ta haifa wa ubangijinta ba a sayar da ita, tana samun 'yanci idan ya rasu. Bayin sarki masu sarauta, irin su Shamaki, Ɗan Rimi da Sallama a Kano, sha'aninsu daban ne.

Zamanin Turawa

Dokar 1901 ta Lugard, shugaban mulkin Turawa a Arewacin Nijeriya, ta 'yanta duk yaron da aka haifa daga Afrilun shekarar, amma aka bar manya su fanshi kansu a kotun alƙali. Sai a 1936 aka soke bauta ɗungurungum a Arewacin Nijeriya. Har yanzu masana suna saɓani kan ko murgu sassauci ne ko dabarar tsawaita bauta.