Me ake nufi da tabon gabanin kansa a bakin mahaifa?

Wata ƴar'uwata a nan Tawa ta dawo daga awo da takarda ƙulle a haɓar zane. Ungozoma ta shafa mata ruwan binegar a bakin mahaifa, ta jira minti ɗaya, ta ga wani wuri ya yi fari, sai ta rubuta da Faransanci: lésion précancéreuse. Duk bayanin da aka yi mata, kalma ɗaya kunnenta ya riƙe, kansa. Ko da na isa gidan har ta fara neman gafarar mutane. Na ce, "Yaya, ba kansa gare ki ba. Miƙo takardar mu duba tare."

Abin da ungozoma ta rubuta, wato tabon gabanin kansa, shi ne canji a siririyar fatar da ta lulluɓe bakin mahaifa, wanda in an ƙyale shi shekaru yana iya zama kansa, amma bai zama ba tukuna. Ba ya ciwo, yawanci ba ya jini, sai an duba ake gani. Ƙwayoyin fatar nan jere suke hawa-hawa kamar tubalin gini. In aka ɗebi ɗan nama aka kai ɗakin bincike, aka tarar ɓarnar ta tsaya a kashi ɗaya cikin uku na ƙasa, lokotoro zai rubuta CIN 1. In ta kai kashi biyu, CIN 2. In ta wuce nan, CIN 3. Dukkansu ba su huda shimfiɗar da ke ƙarƙashin fatar ba. Sai an huda ta ne sunan ke komawa kansa.

Mai jawo wannan canji ƙwayar cuta ce da ake kira HPV. Iri-irinta sun haura 200, amma mai lamba 16 da mai lamba 18 su kaɗai ke jawo kusan kashi 70 cikin 100 na kansar bakin mahaifa. Wani Bajamushe, Harald zur Hausen, shi ya gano haka, har aka ba shi kyautar Nobel a 2008. Ta saduwa ake ɗaukarta, kuma kusan duk mai iyali, namiji ko mace, sai ya gamu da ita a rayuwarsa. Tana iya kwantawa shekaru ba motsi. Don haka mijin da zai ɗauki takardar awo ya mai da ita shaidar zargi ya zalunci matarsa, ina faɗi da babbar murya.

To, ina garkuwar jiki take har wannan ƙwaya ta samu wurin zama? Nan ne wayon HPV yake. Tana shiga ta ɗan ƙurjewar da ido ba ya gani, ta sauka a ƙwayoyin fata na can ƙasa. Ba ta shiga jini, ba ta fasa ƙwayar fatar da ta shiga, ba ta kawo zazzaɓi ko kumburi. Ɓarawon da bai fasa ƙofa ba, wa zai yi masa kuwwa? Tana kuma ƙera wasu sinadarai biyu, E6 da E7, masu kashe birkin da ke hana ƙwayar fata yawan hayayyafa, su kuma dushe alamar da ƙwaya mai cuta ke ɗagawa don a kawo mata ɗauki.

Duk da haka jiki ne ke yin nasara a mafi yawan lokuta. Kusan 9 cikin 10 na waɗanda suka ɗauki HPV, garkuwarsu na share ta cikin shekara biyu, ba su ma san an yi ba. Masu wannan aiki fararen ƙwayoyin jini ne da ake kira T. Inda tabo ke warkewa da kansa, masu bincike na iske su sun yi dafifi a wurin, wasu na ba da umarni, wasu na kashe ƙwayoyin da suka kamu. Shi ya sa yawancin CIN 1 ke ɓacewa ba magani, CIN 2 ma kusan rabi na komawa, musamman ga mata masu ƙuruciya. Inda tabo ya ƙi tafiya kuwa, akan tarar wasu ƙwayoyin T masu kwantar da faɗa sun yi yawa, sun hana ƴan'uwansu aiki. CIN 3 ba a jiran ta, magani ake yi.

Ƙarfin garkuwa har tsawon lokacin da tabo ke ɗauka yake canzawa. Ga mace mai lafiya, daga tabo zuwa kansa yakan ɗauki shekara 15 zuwa 20. Ga mai ɗauke da sida da ba ta shan magani, 5 zuwa 10 ne, kuma haɗarinta ya ninka sau 6. Shan taba ma na raunana tsaron wurin.

Allurar rigakafin HPV, wadda aka fara amincewa da ita a 2006, tana sa jiki ya tanadi makaman da ke tare ƙwayar tun a ƙofa, fiye da abin da kamuwa da cutar ke bari nesa ba kusa ba. Amma ba ta korar wadda ta riga ta shiga. Don haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta fi son a yi wa ƴan mata masu shekara 9 zuwa 14. Manya nasu awo ne, daga shekara 30, masu sida daga 25. A 2022 wannan kansa ta kashe mata kusan 350,000 a duniya, kuma ga matan Nijar ita ke bin kansar nono a yawa. Raina na ɓaci in na tuna matan da ake ɗauka daga ƙauyukan Adar zuwa cibiyar yaƙi da kansa ta Yamai bayan jini ya daɗe da ɓallewa, alhali an yi shekaru tabon na nan, ƙarami.

Yaya ta koma gidan likita. Aka ɗora wa wurin kan wani ɗan ƙarfe mai zafi, bai kai minti ɗaya ba, ta hau adaidaita ta dawo gida. An ce ta haƙura da saduwa na wata guda, ta komo awo bayan shekara. Na sa ranar a wayata, ita kuma ta ce in ta ga an fara girbin hatsi za ta tuna.