Me Ake Nufi da Ranar Tunawa da 'Yan Mazan Jiya?

Da zarar Janairu ta kama, hunturu na kaɗawa, an gama sussuka hatsi ya shiga rumbu, sai a fara jin gidajen rediyo suna maimaita magana ɗaya: Ranar Tunawa da 'Yan Mazan Jiya. A ƙauyukanmu na ƙasar Gumel da Ringim da Haɗeja yawanci labarin yakan wuce ne yadda sauran labaran gwamnati ke wucewa, a ɗauka wani biki ne na manya a Abuja. Ni kuwa ina ganin babu waɗanda ranar ta fi shafa kamar mu mutanen karkara, domin daga gidajenmu yawancin ƙananan sojojin nan suka fito.

Ranar 15 ga Janairu ce ta kowace shekara. Nijeriya ta keɓe ta don tunawa da sojojinta na ƙasa da na ruwa da na sama da suka rasu a bakin daga, da kuma karrama tsofaffin da suka dawo da rai. Mazan jiya a bakin Bahaushe su ne jaruman da suka yi zamaninsu suka shuɗe, amma a nan sunan ya haɗa har da saurayin da aka binne bara. Ba ranar hutu ba ce, ana zuwa aiki, ana cin kasuwa.

Da can ba a wannan rana ake yi ba. Zamanin Turawa da 'yan shekarun bayan 'yanci, 11 ga Nuwamba ake yi tare da Ingila da sauran ƙasashen da ta rena, saboda a ranar ce, da ƙarfe 11 na safe a shekarar 1918, aka tsagaita wutar Yaƙin Duniya na Ɗaya. Yaƙin basasa ne ya sauya lissafin. Ya ɓarke ranar 6 ga Yuli 1967, aka yi wata talatin ana gwabzawa, sai ranar 15 ga Janairu 1970 Philip Effiong ya miƙa wuya a madadin Biyafara a gaban Yakubu Gowon a Barikin Dodan da ke Legas. Wannan ranar aka ɗauka, don ƙasa ta riƙa tunawa da matattunta a ranar da yaƙinta na cikin gida ya ƙare.

Amma duk dattijon Arewa in ka ce masa 15 ga Janairu, ba 1970 ce za ta fara faɗo masa a rai ba. A irin ranar ce a 1966 aka yi juyin mulkin farko, aka kashe Sardauna Ahmadu Bello da Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa, tare da manyan hafsoshi irin su Birgediya Zakariya Maimalari da Kanar Kur Muhammad. Shi ya sa a rana guda za ka ji wani shirin rediyo yana ta'aziyyar Sardauna, wani kuma yana kawo faretin sojoji. Abubuwa biyu ne daban da suka faɗo a kwanan wata ɗaya, ko da yake na farkon yana cikin abin da ya jawo na biyun.

Su wa ake tunawa da su? Jerin ya faro tun daga waɗanda suka yaƙi Jamus a Kamaru daga 1914 zuwa 1916. Sai 'yan Bama, wato waɗanda suka yi yaƙi a ƙasar Bama (Myanmar ta yau), waɗanda har yanzu akwai gidajen da ake ambatonsu da wannan laƙabi. A Yaƙin Duniya na Biyu ta hannun sarakuna da hakimai da dagatai aka riƙa ɗibar samari, aka zuba su cikin Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, aka tsallaka teku da su zuwa Indiya, daga nan zuwa Bama don yaƙar Japan. Manoman gero da ba su taɓa ganin teku ba suka tsinci kansu a dazukan Arakan da kwarin Kaladan, da kaya a ka, cikin ruwan sama da zazzaɓi. Da Hausa ake magana da su a cikin rundunar. Da yawa ƙasar can ce ta rufe su. Barikin Arakan da ke Apapa daga can ya samo suna, kamar yadda Barikin Bukavu na Kano ke ɗauke da sunan wani gari a gabashin Kwango, ƙasar da sojojinmu suka je aikin kiyaye zaman lafiya tun daga 1960. Bayan yaƙin basasa akwai Laberiya daga 1990, da Saliyo, da Darfur.

Sai na yanzu, wanda raɗaɗinsa bai huce ba. Tun 2009 ake fafatawa da Boko Haram. An san sunan Laftanar Kanar Muhammad Abu Ali da aka kashe a Malam Fatori a Nuwamban 2016, an san harin da aka kai wa sansanin sojoji na Metele a jihar Borno a Nuwamban 2018. Ga kuma waɗanda ke faɗuwa a dazukan Zamfara da Katsina da Neja. Mafi yawansu kurata ne da kofur-kofur, sunansu ba ya shiga labarai.

Yadda ake bikin ba boyayye ba ne. Tun kafin ranar shugaban ƙasa yakan ƙaddamar da ɗan tambarin nan da ake maƙalawa a ƙirji, kuɗin da aka tara da shi kuma na tallafa wa tsofaffin sojoji ne da iyalan mamata, ta hannun ƙungiyarsu ta Nigerian Legion. Ana addu'a a masallacin Juma'a, ana yi a coci ranar Lahadi. Ran 15 sai a yi fareti, a busa begila, a yi shiru na minti ɗaya, a harba bindiga, a ajiye furanni a gindin dutsen tunawa, a saki fararen tantabaru. Gwamnoni ma suna yin nasu a Kano da Dutse.

Maganar furannin nan ce ke sa wasunmu ja da baya, suna cewa ba al'adarmu ba ce, kuma gaskiya ne, daga Turawa aka gaje ta. Sai dai ba wanda ya ce Musulmi sai ya ajiye fure kafin ya tuna da mamaci. Muna da addu'a, muna da sadaka, muna da kula da maraya, kuma su ne suka fi amfanar wanda ya tafi da waɗanda ya bari.

Wanda ya taɓa zaman makokin soja a ƙauye ya san ya bambanta da saura. Sau da yawa babu gawa, an riga an binne shi a maƙabartar sojoji a Maiduguri ko wani wuri, waya kawai aka bugo. A shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, mutane na zuwa: "Baba, ya haƙuri? Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta." Tsohon ya amsa da amin, alhali bai ga likkafanin ɗansa ba, bai san inda kabarin yake ba. A cikin gida matar za ta shiga takaba ta wata huɗu da kwana goma, wataƙila da goyo, kuma ɗakin bariki ba nata ba ne, dole wata rana ta kwashe kaya ta dawo gaban iyayenta.

Daga nan ake shiga bin haƙƙoƙinsa, kuma a nan mutanen karkara suka fi shan wuya. Hukuma da wanda mamacin ya rubuta a takardunsa a matsayin magaji take magana. Yaro yakan rubuta sunan wansa ko mahaifinsa ranar da ya shiga horo a Zariya yana saurayi, ya yi aure ya haihu bai sauya ba. In ta Allah ta kasance sai rigima ta tashi tsakanin dangi da matar, ko kuwa takardu su kwanta don ba wanda ya san ofishin da zai nufa. Duk mai ɗa ko ƙane a soja ya kamata ya tambaye shi sunan wa ya rubuta, ya kuma ajiye lambar aikinsa da sunan bataliyarsa a gida. Wanda aka rubuta kuma ya sani amana aka ba shi, in kuɗin sun fito gado ne, a kira malamai a raba wa magada yadda shari'a ta tsara.