Satifiket ɗin kodin da ake ta ambato: wa ya ba da shaidar?

Ka kunna rediyo da safe a Kano, kafin a gama labarai za ka ji tallar wata cibiyar koyar da kwamfuta: wata uku kacal, ka koyi kodin, wato rubuta manhajar kwamfuta, ka fito da "satifiket na ƙasa da ƙasa". Da yamma kuma ga ɗan siyasa yana lissafa matasan da ya sa aka horar, kowa ya ɗaga takardarsa ana ɗaukar hoto. Tun da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin 3MTT a 2023, na horar da mutum miliyan uku a fasahar zamani, kalmar satifiket ta ƙara cika gari. Ni ba na ƙin a horar da matasa, ina ma a ƙara. Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne abu biyu da ba su haɗa hanya ba aka cusa cikin kalma ɗaya, kuma mai fara koyo shi ke kwana a ciki.

Akwai takardar halarta. Ita cewa take yi wane ya zo aji, ya zauna, an gama da shi. Wanda ya karɓi kuɗin karatunka shi ke buga ta, shi ke sa hannu. Akwai kuma takardar ƙwarewa, wadda masu harkar ke kira satifikeshan: wata hukuma ko kamfanin da ke da fasahar ya tsara jarrabawa, aka sa maka ido kana yi, ka ci ko ka faɗi. Duk wanda ya yi sakandare ya san bambancin testimoniyal ɗin shugaban makaranta da sakamakon WAEC. Ba wanda ke neman jami'a da testimoniyal.

Ita kanta kalmar satifiket daga Latin ta samo asali, an haɗa kalmar da ke nufin "tabbatacce" da wadda ke nufin "yi", wato tabbatar da abu. Mu kuwa muka ce takardar shaida, kuma a ganina tamu ta fi faɗin gaskiya, domin ba a shaida sai da mai shaida, shi kuma sai ya gani da idonsa. Mun ma san wannan tun kafin zuwan boko. A zaurukan malamai na cikin birni, ɗalibin da ya lazimci littafi ba ya samun ijaza don kawai ya daɗe yana zama a kan tabarma. Sai ya karanta a gaban malam, malam ya saurara, ya gyara, ya gamsu. Sannan ijazar tana ɗauke da sunan malamin, da wanda ya karantar da shi, har sama. Mai shakka yana da inda zai je ya tambaya. Nauyinta ba a tawada ko kyan takarda yake ba, yana ga wanda ya sa sunansa ya ce "na ji shi, ya iya". To me ya sa da aka zo kan kwamfuta muka daina tambayar wa ya saurara?

Kwanaki ɗan ƙanwata ya zo min da fayil, takardu huɗu a ciki, duk an yi musu lamineshan suna sheƙi. Ɗaya har da hatimin ruwan zinare da hoton taswirar duniya. Kuɗin adashe mahaifiyarsa ta ɗauka ta biya masa. Na buɗe kwamfutata na tura masa, na ce ya rubuta min ɗan shiri da Python, ɗaya daga cikin harsunan rubuta manhaja, kamar na mai shago a Kwari: ya karɓi farashin yadi da yawan yadin da aka saya, ya fitar da jimilla, in ciniki ya wuce wani adadi ya yi ragi. Ya daɗe yana kallon allon kwamfutar, yatsunsa a kan madannai ba motsi. Can ya ce, "Kawu, mu fa a allo malam yake rubutawa mu kwafa, kwamfuta ɗaya mu uku." Wallahi tausayinsa na ji. Yaron ba malalaci ba ne, kullum sai ya je. Takardunsa ba su yi ƙarya ba, ya halarta. Mai talla ne ya sayar masa da halarta a matsayin ƙwarewa.

Su na gaskiyar suna da suna, kuma kana iya duba su da wayarka. Ga mai fara Python akwai PCEP ta Python Institute, tambayoyi 30, ana ci da kashi 70 cikin 100, sama da ita kuma PCAP. Na harshen Java kamfanin Oracle ke bayarwa, tunda shi ya mallaki Java bayan ya sayi Sun a 2010, kuma babbar jarrabawarsa ba ta sabon shiga ba ce, sai wanda hannunsa ya faɗa. Kowacce tana zuwa da lamba ko mahaɗi da mai ɗaukar aiki zai latsa ya ga sunanka a wurin wanda ya bayar. In aka ce maka takarda ta ƙasa da ƙasa ce, ka tambayi abu biyu: wa ya shirya jarrabawar, kuma a ina zan tantance ta? In aka fara kame-kame, ka riƙe kuɗinka.

Wani ruɗanin kuma, har cikin na gaskiyar ba kowacce ce ta kodin ba. Cloud Practitioner ta AWS (wani reshe na kamfanin Amazon), wadda matasa ke rububinta, dala 100 ce, tambayoyi 65 cikin minti 90, kuma bayan shekara uku sai an sabunta. Jarrabawa ce mai kyau, amma ba a rubuta layin manhaja ko ɗaya a cikinta. Wanda ya ci ta ya fahimci yadda ake amfani da rumbunan kamfanin na intanet, bai zama mai rubuta manhaja ba. Wasu kuma ana janye su ɗungurungum: Microsoft ta daina jarrabawarta ta masu fara koyo mai suna MTA a 2022, don haka duk mai tallar za a yi maka ita yau, ka san inda ya dosa.

Ni dai ra'ayina, mai fara koyo kada ya fara da sayen jarrabawa. A wannan sana'a gani ya kori ji. Wanda zai ba ka aiki ya fi son ya buɗe shafinka na GitHub, inda masu kodin ke ajiye ayyukansu, ya ga abin da ka gina, ko da ɗan shirin lissafin bashin shago ne. Kwas ɗin CS50 na jami'ar Harvard kyauta ne, akwai ma na Python zalla, kuma ba a ba ka takardarsa sai ka yi ayyukan ka samu kashi 70 a kowanne, ka haɗa da aikin ƙarshe naka na kanka. Ba a tsare ka kana yi, saboda haka bai kai jarrabawar sa ido ba, amma na fi yarda da shi a kan takardu da yawa da ake biya. A kansa na ɗora yaron yanzu, PCEP sai hannu ya zauna.

In lokacin ya zo kuma, a kula da abin da ke kayar da mutanenmu tun kafin tambaya ta farko. Jarrabawar da ake yi daga gida ta hannun Pearson VUE (kamfanin da ke gudanar da jarrabawa a madadin wasu), mai sa ido yana kallonka ta kyamara, sai ka nuna masa ɗakin, ba mai shigowa, ba waya a hannu. A gidan da yara ke kai da kawo, ga ɗaukewar wuta, ga intanet mai yankewa, gara mutum ya nemi cibiyar jarrabawa da aka amince da ita. Sannan sunan da ka yi rajista da shi dole ya zo daidai da na katin shaidarka. In fasfo ya ce Mohammed, kada ka rubuta Muhammad, ana iya hana ka zama a kan wannan kaɗai, dalolinka kuma su tafi.