Waiwaye: Yadda damfara ta taso daga wasiƙa zuwa kiran waya

Tun a ƙarni na 19 ake aika wa mutane wasiƙu da sunan wani attajiri da wai aka tsare a kurkuku a Sifaniya, ana roƙon su taimaka da kuɗin da za a fito da shi, bisa alkawarin ba su kaso mai tsoka daga dukiyarsa. A wancan zamani sai ɗan damfara ya sayi takarda da kan sarki, ya kuma yi makonni yana dakon amsa, saboda haka mutanen da yake iya kaiwa gare su ba su da yawa.

Wayar tarho da na'urorin da ke buga lambobi da kansu suka rage masa wannan wahala. Amurka ta kafa dokar taƙaita irin waɗannan kiraye-kiraye a 1991, sannan a 2003 ta buɗe rajistar masu ƙin kiran 'yan talla. Kamfanoni masu tsoron tara sun kiyaye, amma macucin da ke kira daga wata ƙasa ko a jikinsa.

Lamarin ya ƙazanta ne da zuwan kira ta intanet, domin ban da arha, yana ba mai kira damar sa lambar da ya ga dama ta bayyana a fuskar wayar mutum, har da ta bankinsa. Sai a ji murya mai natsuwa ta ambaci cikakken sunansa, wanda galibi daga bayanan da aka sace aka samo shi, ta ce za a rufe asusunsa nan take idan bai karanto lambobin da suka shigo masa ta saƙon tes ba. Waɗannan lambobi, waɗanda banki ke turowa don tabbatar da mai asusu, sau da yawa su ne kaɗai abin da ya rage wa ɓarawon kafin ya kwashe kuɗin, kuma abin takaici, dattawa da masu neman aiki na cikin waɗanda ake yawan yi wa wannan tarko. Yanzu har muryar ɗan'uwa ake kwaikwaya da ƙirƙirarriyar basira, abin da ya sa hukumar sadarwa ta Amurka ta haramta amfani da irin wannan murya a kiran na'ura ba tare da izini ba a 2024.

Tunda lambar da ta bayyana ba ta zama shaida ba, abin da ya fi shi ne mutum ya katse kiran, ya buga lambar wayar da ke bayan katin bankinsa da kansa. Wanda kuma ya riga ya bayar da lambar sirri, ya gaggauta sa banki ya toshe katin kafin ya kai ƙara ga hukuma.