Waiwaye: Yadda Ɗa'ar Aikin Jarida Ta Shiga Aji

Da can a bakin aiki ake koyon ɗa'a: sabon ɗauka ya yi kuskure, edita ya ja masa kunne. Abin ya fara komawa aji ne a 1908, da Jami'ar Missouri ta Amurka ta buɗe makarantar koyon aikin jarida. Shugaban makarantar, Walter Williams, ya rubuta gajeriyar aƙidar ɗan jarida a 1914, ɗalibai suka riƙa haddace ta. Editocin Amurka suka fitar da nasu ƙa'idojin a 1923, ƙungiyar 'yan jarida ta duniya, IFJ, ta biyo baya a Bordeaux a 1954.

Sai dai hadda ba ta hana ɓarna ba. A 1980 Janet Cooke ta jaridar Washington Post ta ba da labarin wani yaro ɗan shekara 8 da ya kamu da jarabar hodar heroin. Labarin ya ci kyautar Pulitzer, babbar kyautar aikin jarida a Amurka, a 1981, ashe babu yaron, ƙirƙirarsa ta yi, dole aka mayar da kyautar. Ba wanda bai san ƙarya laifi ba ce. Inda gizo ke saƙar shi ne editoci sun bar labarin ya fita ba tare da sun san ko wace ce majiyar ba. Na Ruwanda ya fi muni: gidan rediyon RTLM ya rura wutar kisan ƙare dangi a 1994, kuma a 2003 kotun Majalisar Ɗinkin Duniya da ke Arusha a Tanzaniya ta samu wasu jagororinsa da laifi.

Irin waɗannan ne suka sa malamai suka karkata ga nazarin abin da ya faru a zahiri. Da yawa na amfani da tsarin Ralph Potter na Jami'ar Harvard mai matakai 4. Ɗalibi zai fara zayyana abin da ya tabbata, ban da zato. Sai ya fito da abubuwan da ke karo da juna, misali haƙƙin jama'a na sani da sirrin yarinyar da aka ci zarafinta. Daga nan ya faɗi ƙa'idar da ya dogara da ita, sannan ya bayyana wa yake yi wa biyayya: mai karatu, majiya, ko mai gidan jaridar. A matakin farko aka fi faɗuwa, domin ɗalibi kan yanke hukunci tun bai gama tattara bayani ba.

Manhajar da UNESCO, hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta fitar a 2007 ta sa ɗa'a cikin darussan koyon aikin. Amma a makarantu da dama kwas ɗaya ne, zango ɗaya, galibi haɗe da dokokin watsa labarai, har ɗalibi ya ɗauka duk abin da doka ba ta hana ba ya halatta. Jarrabawar ma a takarda ce, ba agogo a kansa, ba edita na jiran labari, ba wanda ya miƙo masa na goro bayan taron manema labarai. Shi ya sa wasu malaman ke ba da minti 20 kacal a yanke shawarar buga hoto ko ɓoye suna, ɗalibi ya tashi ya kare matsayinsa a gaban 'yan ajinsu.